Filin Jirgin Saman Yamai, Ƙofar Ƙasar da Ba Ta da Teku

A wannan fitowa za mu waiwayi tarihin babban filin jirgin sama na Yamai, wanda ake kira da sunan Diori Hamani. Wataƙila ka ce: ni da nake zaune Dakoro, ko Kornaka, ko Birnin Lalle, ban taɓa shiga jirgi ba, ina ruwana da filin jirgi? To, ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe. Za ka ga hajjin mahaifinka, da abincin agajin da aka raba a shekarun yunwa, duk akwai hannun wannan fili a ciki.

Tsibiri a tsakiyar tudu

Ka san abin da ake kira tsibiri: ƙasa ce wadda ruwa ya kewaye ta ko'ina. Madagaska tsibiri ce. Mutumin babban birninta, Antananarivo, ba ya iya hawa mota ya tafi wata ƙasa. In zai fita, sai dai ya shiga jirgin ruwa, ko ya tafi filin jirgin sama na Ivato.

Mu ƴan Nijar ba ruwa ne ya kewaye mu ba. Ƙasashe bakwai ne: Najeriya, Benin, Burkina Faso, Mali, Aljeriya, Libiya da Cadi. Ba mu da gaɓar teku ko taku ɗaya. Daga Yamai zuwa tashar jiragen ruwa ta Kwatano ya fi kilomita 1,000. Daga arewa kuwa hamadar Sahara ce. Duk kayan da za su zo mana ta ƙasa sai sun bi ta gidan wani. In maƙwabci ya rufe ƙofarsa, mun koma kamar mutanen tsibiri, har ma sun fi mu, don su suna da ruwa da jirgi zai bi. Saboda haka filin jirgin sama a gare mu ba ado ba ne. Ƙofar gida ce. Tarihinsa kuwa tarihin tambaya ɗaya ce: wa ke riƙe da mabuɗin ƙofar nan?

Kafin jirgi

Kakanninmu sun yi tafiya tun ba a san jirgi ba. Ayarin raƙuma na tashi daga Kano da Damagaram, ya bi ta Agadas, ya ƙetare hamada har Tarabulus, wata da watanni a hanya. Mai niyyar hajji kuma gabas yake dosa da ƙafa ko bisa jaki. Ya bi ta Borno, ya ratsa Cadi, ya shiga Sudan, ya kai bakin Bahar Maliya, sannan ya nemi jirgin ruwa zuwa Jidda. Kafin ya tashi sai ya biya bashi, ya yi wasiyya, ya nemi gafarar dangi. In guzuri ya ƙare, sai ya tsaya ya yi ƙodago a gonakin auduga na Sudan har ya tara na gaba. Wani shekara uku, wani bakwai, wani har abada. Dubban Hausawan da ke Sudan a yau, da yawansu jikokin waɗannan matafiya ne.

Ka riƙe wannan a ranka, don ka gane girman abin da jirgi ya sauya.

Me ya sa Yamai?

Lokacin da Turawan Faransa suka mamaye ƙasar nan, Damagaram ce ta zama babban birni daga 1911. A 1926, zamanin Gwamna Jules Brévié, aka mai da gadon mulki Yamai. Damagaram na fama da ƙarancin ruwa, kuma tana kusa ƙwarai da Kano, wadda ke hannun Turawan Ingila. Yamai kuwa tana bakin kogin Kwara, tana kan hanyar Dahome, wato Benin ta yau, wadda ita ma ta Faransa ce. Inda gwamna yake, nan wasiƙu ke zuwa, nan manyan baƙi ke sauka. Don haka babban filin jirgi ya bi gwamna.

Akwai wani dalili kuma. Kano ta sami jirgin ƙasa tun 1911. Layin dogon da Faransawa suka taso da shi daga Kwatano kuwa ya tsaya Parakou, bai shigo Nijar ba. Birnin da ba shi da teku, ba shi da dogo, hanyarsa ta mota kuma damina na yanke ta, dole ya ɗaga kai ya dubi sama.

Jiragen farko

Jiragen farko ƙanana ne, na katako da zane, matuƙi na zaune iska na bugunsa. Ƙetare Sahara da su sai da kasada. A 1920 wani janar na Faransa, Laperrine, jirginsa ya faɗi cikin hamada, ya mutu can. A watan Fabrairu na 1925 wasu manyan jirage biyu da suka taso daga Faransa za su tafkin Cadi sun iso Yamai. Wajen tashi ɗaya ya faɗi, mutum ɗaya ya mutu, tafiyar ta watse.

A wannan shekara ta 1925, ran 1 ga Nuwamba, jirage uku na sojan Ingila da suka taso daga Masar suka sauka Kano. Ka lura da wannan. Ingila ta shigo ƙasar Hausa ta sama daga gabas, ta Masar da Sudan. Faransa ta shigo daga arewa, ta Aljeriya. Kowane ya shimfiɗa hanyarsa ta sama bisa ƙasashen da yake mulka, ba bisa bukatar mutanen ƙasa ba.

A tsakiyar shekarun 1930 aka fara zirga-zirga ta yau da kullum. Jirgin Faransawa na tashi daga Alje, ya sauka Gawo, ya sauka Yamai, ya sauka Damagaram, ya wuce Fort-Lamy, wato Njamena ta yau, har Kwango. Jirgin Sabena na ƙasar Beljiyam ma ya fara bin Sahara zuwa Kwango a 1935. A 1936 kamfanin Ingila, Imperial Airways, ya haɗa Hartum da Kano.

Me ya sa suke sauka nan? Ba don sun zo wurinmu ba ne. Jirgin wancan zamani ba ya ɗaukar mai da yawa. In ya ƙetare hamada, tankinsa ya kusa bushewa, matuƙi ya gaji. Yamai da Kano sun zama musu kamar rijiya ga ayari: a sha, a huta, a wuce. Abin da ke ciki kuwa wasiƙun gwamnati ne, da kumandan, da ɗan kasuwa Bature. Talaka aikinsa share fili da ɗaukar garwar mai.

Kano ta yi gaba

A lokacin yaƙin duniya na biyu Kano ta tsere wa Yamai. Daga 1940 Turawan Ingila suna kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi, a ƙasar Gana ta yau. Can ake haɗa su, su tashi su bi ta Ikko, Kano, Maiduguri, Fort-Lamy, Hartum, har Masar inda ake fafatawa. Jirage dubbai suka bi wannan hanya. Bayan yaƙi, manyan kamfanoni irin su KLM da Sabena da BOAC suka mai da Kano zango a hanyarsu ta zuwa kudancin Afirka.

A Kano ne kuma attajiran Hausawa suka fara mai da jirgi abin amfanin jama'a. A 1948 Alhaji Mahmud Ɗantata da abokansa suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai. Da motoci suka fara, daga baya suka koma jirgin sama. Tafiyar da ke cin shekaru ta koma ta kwanaki.

Mu mutanen jihar Maraɗi mun san wannan hanya. Daga Dakoro, wadda aka kafa barikinta a 1947, zuwa Maraɗi kusan kilomita 120 ne. Daga Maraɗi zuwa Kano bai kai 300 ba. Daga Maraɗi zuwa Yamai kuwa ya fi 600. Ke nan Kano ta fi mana kusa nesa ba kusa ba. Amma iyakar da Turawa suka ja ta sa takardunmu, da fasfonmu, da gwamnatinmu, duk suna Yamai. Ƙofar maƙwabci ko ta fi kusa, ba taka ba ce.

Bayan ƴancin kai

Nijar ta sami ƴancin kanta ran 3 ga Agusta 1960, Diori Hamani ya zama shugaba na farko. Shi ne aka sa wa filin sunansa daga baya. Sabuwar ƙasa ta tarar da fili, amma ba ta da jirgi, ba ta da matuƙa, ba ta da masu yi wa jirgi jagora daga ƙasa. Sauran ƙasashen da Faransa ta saki su ma haka suke. Sai suka tuna hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, suka yi abu biyu tare.

Na farko shi ne ASECNA, hukumar tsaron zirga-zirgar jirage, wadda aka kafa a watan Disamba 1959. Sama ba ta da gwadabe da ido ke gani, amma tana da hanyoyi. Ma'aikatan wannan hukuma ne ke zaune a hasumiya suna magana da matuƙi ta rediyo: ka hau, ka sauko, ka dakata, ga hazo gabanka. A 1963 aka buɗe makarantar EAMAC a Yamai, inda ake horar da irin waɗannan ma'aikata da masu duba yanayi, daga ƙasashen Afirka da dama. Wannan abin alfahari ne gare mu. Jiragen da kake gani da dare suna ƙyalli can sama, daga Turai za su kudu, ba su sauka a ƙasarmu ba, amma suna biyan kuɗin jagorar da aka yi musu.

Na biyu shi ne kamfanin Air Afrique. Ƙasashe 11 suka sa hannu a Yawunde ran 28 ga Maris 1961, har da Nijar. Kowace ƙasa ta riƙe kashi 6 cikin 100, sauran kashi 34 kuma na kamfanonin Faransa ne. Cibiyarsa na Abijan. Shekara 40 jiragensa suna haɗa Yamai da Paris, da Dakar, da Abijan, suna kuma kai alhazai Jidda. A 1966 aka kafa Air Niger don zirga-zirgar cikin gida, zuwa Tawa, Maraɗi, Damagaram da Agadas.

Amma duka biyun sun mutu. Air Niger bai kai shekara 30 ba. Air Afrique kuwa cutarsa ta daɗe tana cinsa. Kamaru ta fice a 1971, Gabon ta bi bayanta. Gwamnatoci na ɗaukar tikiti bashi ba sa biya. An cika ma'aikata fiye da kima, kowace ƙasa na son a ɗauki nata. Sannan a watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Kamfanin da ke karɓar kuɗi da sefa, yana biyan bashin jirage da kuɗin waje, sai bashinsa ya ninka dare ɗaya. A 2002 ya rushe. Tun daga nan, yawancin manyan jiragen da suka riƙa kai mu nesa na wasu ne: na Faransa, na Maroko, na Aljeriya, na Habasha, na Turkiyya. Ƙofa tamu, abin hawa na aro. Hausawa kuwa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Ranar da ƙofar ta yi rana

A nan ne kai mutumin karkara za ka ga rabonka. A farin 1973 da 1974 dabbobi sun ƙare, rumbuna sun bushe, makiyaya sun gangaro kudu hannu wofi. An kawo hatsin agaji ta ruwa zuwa tashoshin bakin teku, amma hanya ta yi nisa, motoci sun yi kaɗan, da damina ta faɗi kuma wasu hanyoyin suka yanke. Jiragen soja na ƙasashen waje ne suka riƙa kwasar buhuna suna kaiwa arewa. Jinkiri da maguɗin rabon wannan agaji na cikin dalilan da sojoji suka bayar da suka kifar da Diori ran 15 ga Afrilu 1974.

A 2005 ma, da fara da ƙarancin ruwa suka haɗu, jihar Maraɗi ce tsakiyar wahala. An buɗe cibiyoyin jinyar yara masu tamowa, har a nan Dakoro. Jiragen kaya suka riƙa sauke madara da abincin jinya a Yamai da Maraɗi. Buhun gero yana iya jiran mota. Yaron da tamowa ta kama ba ya iya jira. Haka nan allurar rigakafi: in ta sha zafi ta lalace, don haka cikin sanyi ake kawo ta da jirgi, daga nan mota ta kai ta asibitocin jihohi. Allurar da aka yi wa ɗanka a ƙauye, ta wannan ƙofa irinta ke shigowa.

Ga kuma hajji. Abin da kakanka ya yi shekaru yana takawa, yau jirgi na yin sa cikin awa biyar zuwa shida daga Yamai zuwa Jidda. Tsohuwa mai shekara 70 tana zuwa ta dawo cikin wata guda ko ɗan fiye. Sai dai sauƙin ya zo da tsada. Mai ƙafa da jaki guzuri kawai yake nema. Mai jirgi sai ya sayar da shanu.

Ranakun baƙin ciki

Hanyar sama ba ta rasa haɗari. Iskarmu mai zafi ba ta ɗaukar jirgi kamar iska mai sanyi, shi ya sa jirgi mai nauyi ke bukatar doguwar hanyar gudu kafin ya ɗaga. Hazon hunturu kuma yana rufe wa matuƙi ido. Ran 22 ga Janairu 1973 wani jirgi ɗauke da alhazai daga Jidda ya yi haɗari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Ran 19 ga Satumba 1989 jirgin kamfanin UTA da ya taso daga Njamena za shi Paris ya tarwatse a sararin samaniyar Tenere, a cikin ƙasarmu. Bam aka sa cikin akwati. Mutum 170 da ke ciki babu wanda ya tsira. In ka ga jandarma da ma'aikatan duwan suna binciken kaya har kana ƙosawa, ka tuna da wannan.

Filin Yamai kansa ya ga jini. Ran 9 ga Afrilu 1999, a ɓangaren soja na filin, masu tsaron Shugaba Ibrahim Baré Maïnassara suka harbe shi yana shirin shiga jirgi mai saukar ungulu. Wannan ya nuna maka filin ba na matafiya kaɗai ba ne. Jikinsa akwai sansanin sojan sama mai lamba 101. Duk mai son riƙe mulki, ko ƙwace shi, idonsa na kan gidan rediyo da filin jirgi.

Sabon gini, tsohuwar tambaya

Daga 2013, saboda yaƙin Mali, sojojin Faransa da na Amurka suka kafa jiragensu a sansani na 101, har da jirage marasa matuƙa. A ɓangaren farar hula kuma, gini ya tsufa. Da Yamai za ta karɓi taron shugabannin Tarayyar Afirka na watan Yuli 2019, sai aka ba wani kamfanin Turkiyya mai suna Summa aikin sabunta filin. Shugaba Mahamadou Issoufou ya buɗe shi ran 11 ga Yuni 2019. Aikin ya ci kusan miliyar 100 na sefa. Kamfanin ne ya zuba kuɗinsa, aka yi yarjejeniya zai riƙe filin shekara 30 yana karɓar haraji daga jirage da matafiya. Kamar ka ba maƙeri filinka ne ya gina rumfa, ya ci kasuwa shekaru, sannan ya bar maka. Ginin ya yi kyau, amma kuɗinsa na cikin kowane tikiti da ɗan ƙasa ya saya.

Ba a daɗe ba aka ga abin da rufe ƙofa ke nufi. A watan Maris 2020 cutar korona ta sa aka rufe filayen jirage, sai a watan Agusta aka buɗe. A wannan shekara babu alhajin da ya tashi daga Nijar. Sannan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka, CEDEAO, ta rufe mana iyakoki na ƙasa da na sama. Motocin kaya suka yi jerin gwano a iyakar Benin, har da masu ɗauke da magani. Ƙasashen Turai suka aiko da jirage suka kwashe mutanensu cikin ƴan kwanaki. Ran 6 ga Agusta sabbin hukumomi suka rufe sararin samaniyar ƙasa, jiragen da ke ratsa mu suka koma zagaye mai nisa, sai ran 4 ga Satumba aka buɗe. Sojojin Faransa na ƙarshe sun tashi daga filin ran 22 ga Disamba 2023, na Amurka suka bar sansani na 101 a watan Yuli 2024. CEDEAO ta ɗage takunkuminta ran 24 ga Fabrairu 2024.

A waɗannan watanni kowa ya ɗanɗana zaman tsibiri. Mun kuma koyi cewa ko jirgi ba ya tashi sai maƙwabci ya yarda a bi ta samansa, kuma man da yake sha da kayan gyaransa ba daga sama suke faɗowa ba.

Abin da za mu riƙe

To, mai karatu, ka ga yadda mabuɗin ya yi ta sauya hannu cikin shekara 100. Da farko yana hannun gwamnan Faransa. Daga baya ƙasashen Afirka suka riƙe shi tare, wani ɓangare ya ɗore, wato ASECNA, wani ya rushe, wato Air Afrique. Sannan kamfanonin waje da sojojin waje suka sami nasu rabo. Abin da ya ɗore shi ne wanda aka gina bisa horar da mutane da biyan kuɗin aiki. Abin da ya rushe shi ne wanda aka ci bashinsa ba a biya ba. Sa wa fili sunan ɗan ƙasa abu ne mai sauƙi. Riƙe shi sai da matuƙa namu, da makanikai namu, da amana wajen kuɗin jama'a, da zaman lafiya da maƙwabta.

Kuma ƙofa ba ta da amfani ga wanda hanya ba ta kai shi bakinta ba. Madarar da aka sauke a Yamai, in hanyar Maraɗi zuwa Dakoro ta lalace, ko babu motar da za ta kai ta Sakabal, ba ta ceci kowa ba. Saboda haka in kun zauna hira, ku tambayi tsofaffin alhazan garinku: ta wace hanya suka tafi, ta Kano ko ta Yamai, da ƙafa ko da jirgi, wata nawa suka yi, me suka sayar? Ku rubuta amsarsu ku ajiye. Wannan ma tarihin filin jirgi ne, kuma babu mai rubuta shi in ba ku ba.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya. Sai fitowa ta gaba.